Kayan Amana a Saman Silin

Gidanmu na unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, tsoho ne, na katako, ɗaki biyu da falo, kuma tun ranar da muka tare yake shan iska ta ko'ina. Idan sanyi ya kama, hita takan wuni tana ruri amma ɗumin ba ya zama. Da ya fito sai ya bi ta silin ya yi gaba abinsa. Ni da Malam, maigidana, da mun jure da rigunan sanyi. 'Yarmu ce abin ji. Ita kaɗai Allah Ya ba mu, kuma tana da sikila, duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila kuwa ya san abin da sanyi yake yi wa ƙasusuwansu. Shekarunta goma sha shida a lokacin, kuma a sanyin da ya gabata sau uku ana ba ta gado a asibiti.

A can asibitin ne wata ma'aikaciya ta tambaye ni yanayin gidanmu. Na ce mata lafiya lau, kamar yadda aka koya mana. Ta ƙi tafiya. Ta sake tambaya, wannan karon ta ce ɗakin yarinyar take nufi, da safe, kafin rana ta fito. Nan na faɗi gaskiya. Sai ta ba ni wata takarda, ta ce akwai shirin gwamnati na gyara wa masu ƙaramin ƙarfi gidajensu don su riƙe ɗumi, kuma ba a karɓar ko sisi. Kuɗin daga gwamnatin tarayya yake fitowa, ya sauka hannun gwamnatin jiha a Raleigh, jiha ta tsara sharuɗɗa ta raba shi ga ƙungiyoyin da ke aikin a kowace gunduma.

Na yi dariya a raina. Kuɗin da zai taso daga tarayya, ya biyo ta jiha, sannan ya gangaro ƙasa, ni na san irin wannan tafiyar tun daga gida. A hanya yake ramewa, kafin ya iso sai labarinsa. Amma dai na je, don uwar mai ciwo ba ta raina takarda.

Ofishin ƙungiyar gundumarmu yana wata kwana kusa da Gate City Boulevard, bayan shagon da muke sayen garin rogo da manja. Matar da ta karɓe ni ta cika fom tare da ni, layi bayan layi. Ta yi mini bayani cewa jiha ce take cewa wa za a fara yi wa, tsofaffi da naƙasassu da gidajen da ke da yara su ne a gaba. Kuɗin kuma na shekara ne, kowace ƙungiya da adadin gidajen da za ta gama kafin shekarar ta rufe, jiha kuma takan turo nata sufeton ya duba wasu daga cikin gidajen da aka ce an gama. Da zan tafi na ajiye mata ƙullin cincin a kan tebur. Ta yi godiya sosai, ta mayar mini da shi cikin jaka da hannunta. Na ji kunya, amma daga ranar na fara zaton wataƙila abin gaskiya ne.

Muka jira watanni har na manta. Sai da ganye ya fara ja yana zuba aka kira aka ce mai duba gida zai zo.

Dattijo ne dogo, baƙar fata, da furfura a gemu. Ya ga takalmanmu a bakin ƙofa, ya cire nasa ba tare da an ce masa komai ba. Ya kafa wani jan ƙyalle a ƙofar falo mai babbar fanka a tsakiya, ya ce zai zuƙe iskar gidan don ya ga ta inda ta waje take shigowa. Da ya kunna, gidan nan ya tona mana asiri. Labulaye suka tashi, ƙasan ƙofar kicin ya fara fito, har ta ramin soket iska take hurowa. Ya bi ɗaki ɗaki yana rubutu. A ɗakin 'yarmu ya daɗe tsaye da hannunsa a sama. Sannan ya juyo ya ce, "Ta ina ake hawa saman silin?"

Na dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa.

Gidanmu tafiyar ƙafa ce zuwa jami'a, Malam kuma ya riga kusan kowa cikin mutanenmu zuwa garin nan, don haka duk ɗalibin da ya sauka daga Kano ko Zariya ko Maraɗi, a falonmu yake cin tuwonsa na farko. Idan ya gama karatu zai koma gida, ko zai tafi wata jiha neman aiki, sai ya zo da akwati ko kwali ya ce, "Baba, ga wannan amana, sai na dawo." Malam ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya tambayar ranar dawowa. Sai ya ɗauko tsani. Shekara goma sha huɗu ana haka. Ba mu taɓa buɗe ko ɗaya ba, ba mu taɓa kiran wani mun ce ya zo ya ɗauki kayansa ba, domin a wurin Malam wannan daidai yake da korar mutum daga gidanka.

Dattijon ya hau da tocila. Muna jin motsinsa a sama, sai kuma shiru. Da ya sauko akwai yanar gizo a hularsa. Ya tambaya ko muna sayar da kaya ne. Malam ya ce na mutane ne. Ya ce suna biyan kuɗin ajiya? Malam ya dube shi kamar ya zage shi.

Ya zauna ya yi mana bayani a natse. Abin tare sanyin da ke saman silin ɗinmu ya daɗe da mutuwa, ɗan abin da ya rage kuma kayan sun danne shi ya zama kamar tabarma. Ta nan mafi yawan ɗumin gidan yake gudu, ɗakin yarinyar kuma ya fi kowane. Ma'aikata za su toshe ramukan, su hura wani abu mai kama da auduga ya rufe wurin gaba ɗaya, kaurinsa ya kai rabin ƙwauri. Amma sai an kwashe komai, kuma ba a sake ɗora kaya a kai, don da an danne shi ya daina aiki. Ya ce za su zo nan da mako biyar. Idan suka tarar da kaya, za a ajiye fayil ɗinmu gefe su wuce gida na gaba, mu kuma mu koma layi mu jira kuɗin wata shekarar. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba, kuma ba shi da ikon ɗaga ta.

Da ya tafi Malam ya ce, "Allah zai kawo mafita." Na ce amin. Mako guda ya wuce, mafita ba ta ɗauko tsani ba.

Ranar Asabar bayan ya dawo daga aiki na tare shi a kicin. Na ce, "Malam, saura mako huɗu."

Ya ce, "Na sani. Amma da wane baki zan kira mutum in ce ya kwashe kayansa? A ce don 'yata?"

Wannan kalmar ce ta ƙona mini rai, kuma na san daga inda ta fito. Mu mutanen da aka yi wa tarbiyya da kawaici a kan ɗan fari ne. Ni kaina har yau ba na kiran sunanta. A gaban baƙi ba a nuna ana ji da ita, idan abinci bai isa ba ita za ta haƙura, idan aka yi baƙuwa ita za ta bar gado. Malam yana son yarinyar nan fiye da ransa, na ga yadda yake zama a bakin gadon asibiti yana matsa mata ƙafa, amma ya fifita ta a kan wani a fili, wannan ya fi ƙarfinsa. Na ce masa kawaicin nan a gida aka yi shi, inda rana take gasa ɗaki kyauta. Na ce idan bakinsa ya yi nauyi, nawa bai yi ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ajiye mini tsohon littafinsa na lambobin waya a kan firji.

Haka na fara. Kullum kafin in tafi aiki gidan kula da tsofaffi, sai in hau in sauko da kwali biyu ko uku, in karanta sunan da ke jiki, in shiga nema. Wani a waya, wani ta hannun matar abokinsa, wani sai na bi ta mutum huɗu.

Na farko da na samu ya zama babban malami a wata jami'a a gida. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi ƙanwarsa, wato 'yarmu, da jiki. Na ce maganar akwatinsa ce. Ya ce, "Wane akwati, Anti?" Shekara tara muna kaffa-kaffa da shi. Ya ce in buɗe in gaya masa. Na buɗe: tukunyar dafa shinkafa mai lantarki, ba murfi, da takalman ƙwallo, da littattafan da ko shi ya ce an daina karanta su. Wata da ke Texas ta yi ta dariya ta ce, "Anti, wallahi na ɗauka kun zubar tun tuni, ai jonk ne, tarkace kawai." Wani Bazindire ya roƙe ni in nemo masa takardar haihuwarsa a aljihun wata jaket, ya ce shekara shida yana nemanta. Ita na samu, na aika masa, kuma ita kaɗai ce a cikin tarin nan na ga ta cancanci sunan amana.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi. Ina zaune a tsakar falo cikin tsofaffin barguna da fitilun karatu da wayoyin caja, ina tuna safiyoyin da yarinyar nan take fitowa tana takawa da ƙyar. Amma fushin bai sami wurin sauka ba. Yaran ba su cuce mu ba, sun ajiye ne suka manta, kamar yadda mutum yake barin kaya a ɗakin uwarsa. Mu ne muka ɗauki abin da zafi.

Waɗanda suka ce a bayar, na raba wa sababbin ɗalibai, suka yi ta murna da rigunan sanyi. Waɗanda suka ce suna so, wani Alhaji da ke Pleasant Garden, mai babban fili da rumfar ajiye motar yankan ciyawa, ya ce a kawo. Mutum uku na rasa inda suke. Malam ya tambayi limaminmu bayan Juma'a, ya ce tunda an yi iya ƙoƙari, a yi sadaka da kayan da sunan masu su, idan sun bayyana wata rana a gaya musu gaskiya a biya su. Da Malam ya ji daga bakin liman sai ya saki jiki, har ya fara taya ni saukowa da kaya.

Saura kwana shida, saman silin ya zama fili, ban da kusurwa ɗaya. A nan akwai katifa a naɗe, da teburin karatu, da keke, da manyan akwatuna uku. Na kai hannu, Malam ya ce daga ƙasan tsani, "Bar waɗannan."

Na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malam ne ya kawo shi karatu, ya zauna da mu shekara huɗu, a ɗakin da yanzu yake na 'yarmu. Takardunsa suka sami matsala bayan ya gama, dole ya koma gida. Ranar da zai tafi shi da kansa ya hau da kayan, ya sauko yana kaɗe hannu ya ce, "Yaya, ni zan sauko da su." Shekara takwas ke nan. Sau biyu yana neman biza ana hana shi. Ya yi aure a Gusau, yana koyarwa, har da 'ya'ya uku. Duk da haka duk sallah idan suka yi waya sai Malam ya ce, "Kayanka suna nan," shi kuma ya ce, "In sha Allahu, Yaya, ina nan tafe."

Na ce a kai su Pleasant Garden. Malam ya ce ɗan'uwansa ba baƙo ba ne da za a kai kayansa gidan wani. Na ce to a sauko da su falo. Ya ce a sa su ina, a kanmu? Sannan ya ce, a hankali, "Shi ya hau da su." Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. A shekarun aurenmu ban fi sau biyu na ga ya rufe ƙofa a fuskata ba.

Na kira ofishin na tambaya ko za a iya barin kusurwa ɗaya. Matar ta ce ta fahimce ni, amma kusurwar a kan ɗakin yarinyar take, kuma idan sufeton jiha ya hau ya ga an tsallake wuri, aikin gaba ɗaya bai karɓu ba. Ban ga laifinta ba.

Washegari da safe, bayan Malam ya fita, na kira ƙanen nasa. Tsakanina da shi akwai wasa tun yana saurayi, don haka ya ɗauka da tsokana: "Matar Yaya, yau an tuna da talakawa?" Na ce yau ba wasa ya kawo ni ba. Na gaya masa komai, da fankar, da dattijon, da kwana biyar ɗin da suka rage.

Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, "Anti, ni fa na daɗe da haƙura. Tun hanawa ta biyu na san ba zan dawo ba, kuma wallahi ina jin daɗin zamana a nan. Yaya ne na kasa gaya wa. Ya sha wahala a kaina, in ce masa na fasa? Duk lokacin da ya ce kayana suna nan, sai in ga idan na ce a bayar kamar na watsa masa ƙasa a ido."

Na ce, "Shi kuma yana ganin idan ya taɓa su ya yanke maka ƙauna."

Ya ce, "Shekara takwas?"

Na ce, "Takwas. 'Yarku kuma tana kwana a ƙarƙashin kayan."

Ya ce zai kira shi. Na ce a'a, ya bari Yayan ya kira, don idan daga ƙaramin maganar ta fito Malam zai ce ni na tilasta yaron. Da Malam ya dawo na gaya masa na yi waya Gusau, ban ɓoye ba, amma ban faɗa masa abin da aka ce ba. Na ce ya ji da kunnensa. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincina sosai.

Ranar Lahadi da hantsi ya zauna a falo ya kira, ya sa a sifika, wataƙila don in zama shaida. 'Yarmu tana ɗakinta, ƙofa a buɗe. Suka gaisa. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi amfanin gona, ya tambayi rufin masallacin unguwarsu, ya tambayi wani maƙwabci da ya rasu tun bara. Ina tsaye a bakin kicin kamar in fizge wayar. Can dai ya gyara murya ya ce, "Dama maganar kayanka ce." Ya tsaya. "'Yarka tana jin sanyi."

Ban taɓa jin ya roƙi wani abu saboda ita ba sai ranar, kuma ko a ranar sai da ya mayar da ita 'yar ƙanensa kafin bakinsa ya iya.

Ƙanen ya ce, "Yaya, a sauko da su yau. Teburin a ba ta, keken a ba wani ɗalibi. Ni nan ne gidana yanzu, ka yafe mini da ban faɗa maka da wuri ba."

Malam ya ce, "Babu komai. Allah Ya yi maka albarka." Ya kashe wayar ya zauna yana kallon ta a hannunsa. Na koma kicin na buɗe famfo don ya sami wurin yin abin da zai yi. Bayan azahar ya ɗauko tsani. Na ce in taya shi, ya ce a'a. Shi kaɗai ya sauko da su, ɗaya bayan ɗaya, har katifar.

Ma'aikatan suka zo ranar da suka ce, mutum huɗu da babbar mota. Kwana biyu suna aiki. Suka toshe ramuka, suka gyara ƙasan ƙofofi, suka ja wani ƙaton tiyo ta taga zuwa sama, injin yana ta gurnani a waje. Suka sa fanka a banɗaki da na'urar da ke yin ƙara idan iskar gida ta gurɓace, babbansu kuma ya ja mini kunne a kan turaren wuta da gawayi, tunda yanzu gidan ba ya shan iska kamar da. Bayan mako biyu dattijon ya dawo da jan ƙyallensa ya sake gwaji, labule ko motsi bai yi ba. Daga baya wata mata ta zo daga jiha, ta hau da ma'auni, ta sauko ta sa hannu a takarda. Kuɗin da na yi wa dariya ya iso har saman ɗakin 'yata bai rame ba.

Sanyin shekarar ya zo da ƙarfinsa. Ba zan ce ciwo ya tafi ba, sikila ba ta tafiya. Amma wata safiya, ciyawar waje ta yi fari fat da ƙanƙara, muna karyawa ni da Malam, sai ga ta ta fito daga ɗaki da 'yar riga mai gajeren hannu. Ta ce da Turanci, kamar yadda ta saba, wai don Allah a rage hitar nan, zafi ya hana ta karatu.

Na yunƙura zan tashi, Malam ya riga ni. Ya je bango ya rage ta. Ta koma ɗaki abinta, ba ta san ta faɗi wani abu ba. Shi kuwa ya daɗe tsaye a wurin da bayansa gare ni, shayinsa yana hucewa a kan tebur, ni ma ban kira shi ba.